GYARAN KYAMARAR WAYA: KADA GARIN NEMAN GIRA A RASA IDO

Wata rana da damina na ziyarci wata ƙungiyar manoma a kudancin Jihar Kaduna. Na iske sakatarensu zaune a gindin mangwaro, ransa a ɓace. Tsutsa ta shiga masarar gonar ƙungiya, malamin gona kuwa yana can hedkwatar ƙaramar hukuma, tafiyar sa'a biyu a kan babur. Malamin ya ce a ɗauki hoton ganyen a aika masa ta WhatsApp domin ya faɗi maganin da za a saya. Sakatare ya ɗauki hoto har sau shida, amma kowanne ya fito dishi-dishi kamar an ɗauka cikin hazo. Malamin ya amsa ya ce, "Ban ga kome ba."

Sakatare ya riga ya ƙudura zai roƙi ma'aji a ciri kuɗi daga asusun taki a sayi sabuwar waya. Na ce ya ba ni ita in duba. Da na juya bayanta sai na ga ɗan gilashin da ya rufe kyamara ya tsage, ƙura kuwa ta cika tsagar. Ran kasuwa aka kai ta wurin mai gyara, ya canja gilashin kafin mu gama gaisawa da mutane. Abin da aka biya bai kai kuɗin kaza ɗaya ba. Amma kwana huɗu sun riga sun wuce, tsutsa kuwa ba ta jira kowa ba.

Abin da ya sa na ke rubuta wannan ke nan. Sau da yawa abin da mu ke kira mutuwar kyamara ƙaramin ciwo ne. Wanda ya san inda ciwon ya ke ba zai zubar da waya mai rai ba, ba kuwa za a cuce shi a kasuwa ba.

KYAMARA MA KAYAN AIKIN GONA CE

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a shekarar 2001, a lokacin kuwa yawanci magana a ke yi da ita. Yanzu babbar waya ta zama kamar fartanya a hannun ƙungiya. Da kyamararta a ke ɗaukar hoton rasit na taki da na iri. Da ita a ke nuna wa mai saye buhunan citta ko waken soya kafin ya turo mota. Da ita a ke nuna wa likitan dabbobi bakin saniya ko kashin kaji. Manhajojin banki da yawa ba su buɗe wa mutum asusu sai ya nuna fuskarsa ga kyamarar gaba.

Akwai kuma manhajojin da su ke duba ganye su faɗi cutar da ke jikinsa. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara, wadda asalinta daga nahiyar Amurka ne, an fara ganinta a Nijeriya a farkon shekarar 2016. Bayan haka masana na Jami'ar Jihar Pennsylvania a Amurka, tare da Cibiyar IITA ta Ibadan da Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, suka fito da wata manhaja mai suna Nuru, wadda ta ke gane ɓarnar wannan tsutsa da cututtukan rogo ta hanyar kyamara. Akwai wata kuma mai suna Plantix, wadda aka ƙirƙiro a Jamus. Dukansu ba su da amfani idan idon waya ba ya gani sosai. Manoman citta na Kachia da Kagarko da Jaba, waɗanda cuta ta cinye musu gonaki a 2023, sun san darajar samun shawara da wuri.

ABIN DA KE CIKIN IDON WAYA

Kafin ka yi gyaran garma sai ka san sassanta. Haka kyamara ma. Sassanta biyar ne.

Na ɗaya, gilashin waje. Shi ne wanda yatsanka ya ke taɓawa a bayan waya. Ba shi ne kyamarar ba, murfi ne kawai, kamar gilashin fitilar ƙwai. An manna shi da gam, ana kuwa iya cire shi a sa wani.

Na biyu, ƙananan tabarau da aka jera a bayan gilashin, yawancinsu na roba ne mai haske. Su ke tattara haske wuri ɗaya.

Na uku, wani ɗan inji mai aiki da maganaɗisu, wanda ya ke tura tabaran nan gaba ko baya domin hoto ya fito tangaran, ko abin yana kusa ko yana nesa. A wayoyi masu tsada akwai wani ƙari mai hana hoto rawa idan hannu ya motsa.

Na huɗu, ɗan faifai mai karɓar haske, wanda masu gyara su ke kira sensa. Shi ne ainihin ƙwayar idon.

Na biyar, siririn ɗamara mai kai saƙo daga kyamara zuwa babban allon waya, wanda a kasuwa a ke kira fanel.

Na biyu da na uku da na huɗu an haɗa su cikin ɗan akwati ɗaya wanda bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba. Idan ɗaya ya lalace ba a cika gyara shi ba, sai a canja akwatin duka. Bayan waɗannan kuma akwai manhajar kyamara, wadda ita ma ta kan rikice ko da kome na ciki lafiya ya ke.

Wani abu kuma. Idan ka ga ido uku ko huɗu a bayan waya mai araha, kada ka ɗauka dukansu aiki ɗaya su ke yi. Yawanci ɗaya ne babba, sauran mataimaka ne ƙanana. Buɗe kyamara, ka rufe su da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Wanda ka rufe hoto ya yi baƙi, shi ne babban. Idan gilashin ɗaya daga cikin ƙananan ne ya tsage, hotonka ba zai canja sosai ba.

GWAJI SHIDA KAFIN KA KASHE KO KOBO

1. Cire rigar robar da ka sa wa wayar. Wani lokaci ita ce ta goce ta rufe gefen ido, ko ta sa hasken tocila ya koma cikin hoto.

2. Hura ƙurar da ke kan gilashin tukuna, sa'an nan ka goge da tsumma mai laushi mai tsabta. Yatsan da ya taɓa man ja ko man shafawa shi kaɗai ya isa ya sa hoto ya yi hazo.

3. Kashe wayar gaba ɗaya, ka jira kaɗan, ka kunna. Idan ta yi zafi don ta daɗe a rana, bar ta ta huce a inuwa, gama waya mai zafi ta kan rufe kyamara da kanta.

4. Duba ko cikin wayar ya cika. Idan bidiyo da hotunan da a ke turowa ta WhatsApp sun cinye wuri, kyamara za ta ƙi ajiye sabon hoto. Share waɗanda ba ka bukata.

5. Gwada kyamarar gaba da ta baya, sa'an nan ka gwada ɗaukar hoto daga cikin WhatsApp. Idan ta yi aiki a wuri ɗaya ta ƙi a wani, to, kayan ciki lafiya su ke, manhaja ce ta rikice ko kuwa ba a ba ta izinin amfani da kyamara ba.

6. Shiga wurin saitin waya, ka nemi jerin manhajoji, ka zaɓi ta kyamara, ka danna inda aka rubuta "Clear cache". Wannan ba ya share hotunanka. Idan ba ka iya ba, ɗalibin sakandare na gidanku zai nuna maka.

Ka yi hankali da abu ɗaya. Mayar da waya yadda ta fito daga kamfani, ko abin da masu gyara su ke kira filashin, yana share kome da kome: lambobi, hotuna, da lissafin ƙungiya. Kada ka yarda a yi shi sai ka kwashe abubuwanka tukuna.

ALAMU DA MA'ANARSU

Idan ka yi gwajin nan shida ba ta warke ba, lura da irin ciwon.

Hoto yana hazo, ko haske yana watsuwa kamar tauraro: duba gilashin waje da kyau a rana. Tsaga ce ko karce. Wannan shi ne gyara mafi sauƙi.

Ɗigon baƙi yana fitowa a wuri ɗaya cikin kowane hoto: ƙura ta shiga ciki. Mai gyara zai iya buɗewa ya share, in dai ba ta kai can kan sensa ba.

Abin da ke nesa yana fita, na kusa ba ya fita, ko kuwa hoto yana rawa, wayar tana ƙara kamar sauro: ɗan injin nan ne ya lalace. Sai an canja akwatin kyamara. Amma ka sani, waɗansu wayoyi idan ka girgiza su za ka ji ɗan motsi a wajen kyamara, wannan ba ciwo ba ne.

Allo ya yi baƙi ƙirin bayan waya ta faɗi, wani lokaci har tocila ta ƙi kamawa: mai yiwuwa ɗamarar nan ce ta zame daga mazauninta. Idan haka ne, mayar da ita kawai za a yi, ba sai an sayi kome ba. Ka ce wa mai gyara ya fara duba wannan.

Layuka masu launi ko tabo ja da ba ya gushewa: sensa ta ƙone ko ta fashe. Hasken leza irin na wuraren biki yana iya yin wannan ɓarna. Sai canji.

Raɓa a cikin gilashin: ruwa ya shiga. Za mu yi maganarsa a ƙasa.

An sa sabuwar kyamara amma ba ta kama ba: ciwon yana kan fanel. Wannan aikin gwani ne, kuɗinsa kuwa ya fi sauran.

IDAN GILASHI YA FASHE

Kada ka ce ai tana ɗauka, ka bar ta haka. Tsagar nan ƙofa ce. Ƙurar hunturu da gumi da yayyafi duk ta nan za su shiga, gyaran ƙaramin kuɗi ya koma na babba. A ranar da ya fashe, manna ɗan salatif mai haske a kai, ka sa wayar cikin leda, ka kai ta gyara a kasuwa ta gaba.

Ga yadda mai gyara na kirki ya ke yi, domin ka san abin da za ka lura da shi. Zai kashe wayar. Zai ɗan ɗumama wurin domin gam ya yi laushi. Zai tsince fasassun gilashin da ɗan hantsaki, yana karkata wayar ƙasa domin ɓarɓashi kada ya faɗa ciki. Zai kankare tsohon gam, ya hure wurin da 'yar robar hura iska, sa'an nan ya manna sabon gilashi da gam ɗin da aka yanka daidai wurin, ko da gam na waya irin su B-7000. Kafin ka biya, ɗauki hoton rubutu na kusa, da na itace mai nisa, da na farin bango. Farin bango shi ke tona asirin ƙurar da aka rufe a ciki.

Akwai dabaru uku da su ke yawo a bakin mutane waɗanda ya kamata ka guje musu. Kada ka manna gilashi da sufa gulu, gama tururinsa yana barin farin hazo a kan tabarau wanda ba ya goguwa, in kuwa ya zuba ciki zai daskarar da ɗan injin. Kada ka goge karce da man goge baki, gama yana cinye shafen da kamfani ya yi wa gilashin. Kada kuma ka sa allura ko reza ka ce za ka tsince gilashin da kanka. Tsakanin gilashi da tabarau bai kai kaurin farce biyu ba. Nan ne garin neman gira a ke rasa ido.

Buɗe bayan waya kuwa ba aikin gida ba ne. Wayoyin yanzu an manne batirinsu a ciki, idan kuwa ƙarfe ya huda shi yana iya kamawa da wuta. Idan ka ga bayan waya ya kumbura, daina cajinta, ka kai ta wurin mai gyara.

IDAN RUWA YA SHIGA

Kashe ta nan da nan. Kada ka sa ta a caji. Cire rigarta da ɗan faifan da layi ya ke zama a kai, ka goge ta, ka ajiye ta a inuwa inda iska ta ke kaɗawa. Kada ka shanya ta a kan kwano cikin rana, kada kuwa ka kai ta kusa da murhu.

Mutane da yawa su kan binne waya cikin shinkafa. Shinkafa ba ta jawo ruwan da ke can ciki, kamfanin Apple ma ya gargaɗi masu wayoyinsa su daina, domin garin shinkafa yana shiga ramukan waya. Idan ruwan fadama ne, ko na kwata, ko wanda aka dama taki ko maganin feshi da shi, kai ta gyara da sauri a wanke cikin, gama irin wannan ruwa yana cin ƙarfe ko bayan ya bushe.

A WURIN MAI GYARA

Fara duba takardar sayen wayar. Sabuwar waya ta kan zo da garanti na kimanin shekara ɗaya. Idan kyamara ta mutu haka kawai cikin wannan lokaci, hakkin kamfani ne ya gyara. Tecno da Infinix da itel duk kamfani ɗaya ne ya ke yin su, watau Transsion na ƙasar Sin, wurin gyaransu kuwa shi ne Carlcare, wanda ya ke da rassa a manyan garuruwa. Amma garanti ba ya ɗaukar faɗuwa ko shigar ruwa, kuma idan wani ya riga ya buɗe wayar garantin ya kan faɗi. A cikin waya akwai ɗan farin tabo da ya ke komawa ja idan ruwa ya taɓa shi, saboda haka faɗin gaskiya ya fi.

Idan garanti ya ƙare, nemi mai gyara wanda ya ke da shago tsayayye, wanda wani ɗan ƙungiya ya taɓa gwadawa. Yawancin kayan gyara daga manyan kasuwanni su ke fitowa, kamar Farm Centre a Kano, da Banex a Abuja, da Computer Village a Ikeja ta Legas. Idan mai gyaran garinku ya ce sai ya yi odar kaya, ba lalle ƙarya ya ke yi ba. Riƙe wayarka har kayan su iso.

Kafin ka miƙa waya, yi waɗannan:

Cire layinka da katin memori. Wanda ya riƙe layinka yana iya taɓa kuɗin da ke asusunka na banki. Idan wayar ƙungiya ce, kuɗin mutane da yawa ne.

Kwashe hotunan rasit da lissafi zuwa wata waya ko katin memori.

Danna *#06#, lambar wayar ta musamman za ta fito. Rubuta ta a littafi, ka sake dubawa bayan gyara, domin ka tabbata fanel ɗinka ne aka mayar maka.

Kada ka ba da lambar buɗe waya in ba dole ba. Ana iya gwada kyamara daga kan allo ko waya tana kulle. Wayoyin Samsung da yawa tun daga 2022 suna da wani saiti na lokacin gyara wanda ya ke ɓoye hotuna da saƙonni.

Yi ciniki kafin a buɗe. Tambaya a shago biyu ko uku. Tambayi kuma ko kyamarar da za a sa sabuwa ce, ko kuwa an ciro ta daga matacciyar waya. Ta jikin matacciyar waya iri ɗaya da taka sau da yawa ta fi sabuwar jabu kyau, amma a faɗa maka gaskiya, kuɗin kuma ya bi gaskiyar.

Tsaya a yi aikin a gabanka, ka karɓi tsohon abin da aka cire, ka nemi rasit da alkawarin kwanaki.

A GYARA KO A SAYI WATA?

Gilashi kullum ya cancanci gyara. Akwatin kyamara ma haka, idan sauran jikin wayar lafiya ya ke. Amma idan wayar ta tsufa, batir ba ya riƙe caji, allo ya tsage, kuɗin gyara kuma ya haura rabin kuɗin wata irinta, to, a zauna a yi lissafi. Ba a ɗinka sabon ƙyalle a buhun da ya riga ya ruɓe. Idan kuwa kyamarar baya ce ta mutu ana tsakiyar aiki, ka tuna ta gaba tana nan. Hotonta bai kai na baya ba, amma cikin haske mai kyau ya isa malamin gona ya gane tsutsa.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Sayi riga mai tudu a kewayen kyamara, domin idan ka ajiye waya gilashin kada ya taɓa ƙasa. Kada ka sa waya aljihu ɗaya da makulli ko tsabar kuɗi. Kada ka goge gilashi da gefen rigar da ka yi noma da ita, gama yashi ya fi gilashi tauri, shi ya sa ya ke karce shi. Da damina, da lokacin sussuka da casa, sa ta cikin leda.

Masu babur kuma su ji wannan. A 2021 kamfanin Apple ya ba da sanarwa cewa girgizar injin babban babur tana lalata ɗan injin kyamara idan aka ɗaure waya a jikin kan babur. Hanyoyin ƙauyukanmu kuwa kun san yadda su ke. Aljihun ƙirji ko jaka ya fi.

ABIN DA ƘUNGIYA ZA TA YI

Ƙungiyar da na ba ku labarinta ta yanke shawara uku bayan abin da ya faru. Sun ware ɗan kuɗi a asusu domin gyaran wayar ƙungiya, kamar yadda su ke ware na gyaran injin ban ruwa. Sun sa doka cewa kowane rasit da aka ɗauki hotonsa a tura wa ma'aji da shugabar mata a ranar, a kuma rubuta shi a littafi, domin lissafi kada ya mutu tare da waya ɗaya. Sun kuma soma shawarar tura ɗaya daga cikin samarinsu koyon gyaran waya a birni, domin ya dawo ya buɗe shago a kasuwarsu.

A taronku na gaba, ku tattauna waɗannan tambayoyi. Idan wayar sakatarenku ta lalace yau, a ina kuma a ke da hotunan rasit ɗinku? Wayar wa za a ara idan cuta ta faɗa wa gona? Wane mai gyara kuka amince da shi, kuma me ya sa? Sa'an nan kowa ya fito da wayarsa, ya juya bayanta, ya duba gilashin a rana. Wanda ya ga tsaga, kada ya bar kasuwa biyu su wuce.